Abin da Iska Ke Ɗauka da Abin da Jirgin Ruwa Ke Ɗauka: Martani Kan Yaɗuwar Gizo-gizo

Makalar da wani marubuci ya fitar kwanan baya a kan yadda gizo-gizo ke isa sababbin ƙasashe ta ginu ne bisa ra'ayin cewa rarrabewar da masana ke yi tsakanin nau'in da yake ɗan asalin wuri da nau'in da ɗan Adam ya shigo da shi ba ta da tushe a kimiyyance, domin a ganinsa duk gizo-gizon da ake kira ɗan asali a yau baƙo ne a jiya, kuma halittar da ke iya hawa iska ta tsallake teku ba ta bukatar jirgin kowa. Daga nan ya yanke hukuncin cewa jiragen ruwa ba su yi komai ba illa gaggauta abin da iska za ta yi ko ba daɗe ko ba jima, saboda haka kuɗin da ƙasashe irin su Niyu Zilan da Ostareliya ke kashewa wajen binciken kayan da ke shigo musu asara ce wadda tsoro ya haifar. Rabin farko na wannan magana gaskiya ne, kuma masanan da yake suka su ne suka fara tabbatar da shi. Hukuncin da ya ɗora a kai ne bai tsayu ba, domin ya ɗauka cewa duk hanyoyin isa sabuwar ƙasa daidai suke, alhali hanyar ita ke zaɓar wanda zai isa, da yawan da zai isa, da wurin da zai sauka, da kuma tsawon lokacin da zai shuɗe kafin wani ɗan'uwansa ya biyo shi.

Tashi da zare, wato dabarar da marubucin ya jingina dukkan hujjarsa da ita, abu ne sananne wanda aka daɗe ana nazarinsa. Ƙaramin gizo-gizo, galibi wanda bai daɗe da fitowa daga jakar ƙwai ba, yakan hau tsinin ciyawa ko kan reshe, ya miƙe bisa ƙafafunsa takwas, ya ɗaga bayansa sama, sannan ya saki siraran zaruruwa har sai sun ja shi ya rabu da ƙasa. Darwin ya ga tarin irin waɗannan ƙanana sun sauka a kan igiyoyin jirgin Beagle a shekarar 1832, lokacin da jirgin yake kimanin kilomita 100 daga gaɓar Ajantina. Bayan da dutsen Krakatau na Indunusiya ya yi aman wuta a watan Agustan 1883 ya ƙone duk wani mai rai a tsibirin, Bafaranshen nan Edmond Cotteau ya duba wurin a watan Mayun 1884, kuma abin da ya iske da rai shi ne ɗan mitsitsin gizo-gizo guda ɗaya yana saƙa. Masanin ƙwari P. A. Glick, wanda ya riƙa ɗana tarko a jikin jiragen sama a jihar Luwiziyana ta Amurka ya kuma wallafa sakamakon a 1939, ya kama gizo-gizo a tsayin kusan mita 4,500. A 2018 kuma Erica Morley da Daniel Robert na Jami'ar Biristol suka nuna cewa ƙarfin lantarkin da ke tsakanin ƙasa da sararin sama kaɗai yana iya sa gizo-gizo ya tashi ko da babu motsin iska, kuma yana jin wannan ƙarfi ne ta wasu siraran gasu da ke ƙafafunsa. Babu wanda ke musun ɗaya daga cikin waɗannan.

Tambayar da marubucin bai yi ba ita ce, su wa iska ke ɗauka, kuma guda nawa daga cikinsu ke kai labari. Mafi yawan masu tashi da zare ba su kai nauyin miligiram ɗaya ba, kuma kaso mai tsoka daga cikinsu 'yan dangin Linyphiidae ne, wato ƙananan gizagizan da ke shimfiɗa saƙa a cikin ciyawa. Wanda ya tashi ba ya iya juya akalarsa, akasari yakan sauka bayan 'yan mitoci ko 'yan ɗaruruwan mitoci, wanda kuwa iska ta yi teku da shi kusan ko da yaushe ajalinsa ne ya zo. Idan aka yi dace ɗaya ya faɗo a kan tsibiri, sai ya tsira daga ƙishi da yunwa, ya girma ya balaga, sannan ya haɗu da kishiyar jinsinsa wadda ita ma ta tsallake wannan haɗari a daidai wannan lokaci kuma a daidai wannan wuri. Teku a nan tana aiki ne kamar rariya mai ƙananan idanu, tana barin ƙalilan su wuce tana riƙe sauran, kuma irin halittun da ake samu a tsibirai masu nisa sakamakon wannan tankaɗe ne na miliyoyin shekaru.

Tsibiran Hawayi su ne shaidar da ta fi kowacce bayyana, kuma abin mamaki ne a ce marubucin ya kawo su a matsayin hujjarsa. Tsibiran suna da nisan fiye da kilomita 3,000 daga kowace nahiya, ba su taɓa haɗuwa da wata ƙasa ba tun da suka ɓullo daga ƙarƙashin teku, kuma mafi tsufa daga cikin manyansu, wato Kawayi, yana da kimanin shekara miliyan 5. Daga cikin dangogin gizo-gizo fiye da ɗari da duniya ta sani, kaɗan ne ƙwarai suka kai can da ƙafarsu. Waɗanda suka kai ɗin kuwa, da yake babu wani ɗan'uwa da ke biyo bayansu a kai a kai, sai zuriyarsu ta rarrabu ta zama abin da babu irinsa a ko'ina. Rosemary Gillespie ta Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili ta shafe shekaru tana nazarin jinsin Tetragnatha a tsibiran, inda ta nuna cewa daga kakanni ƙalilan aka sami gomomin nau'o'i, har wani reshe daga cikinsu ya bar saƙa gaba ɗaya ya koma farauta a kan ganyaye, wasu kore, wasu ja mai duhu, wasu ruwan ƙasa, kowanne ya dace da launin wurin da yake ɓuya. Abin da ya haifar da wannan arziki shi ne wuyar isa wurin. Da a ce iska na kawo kowa da kowa a kowace shekara kamar yadda makalar ke nunawa, da jinin sababbin zuwa ya riƙa gaurayuwa da na mazauna, kuma da babu nau'in da zai keɓanta da Hawayi. Ko labarin Moggridgea rainbowi, gizo-gizo mai haƙa rami a Tsibirin Kangaru na Ostareliya, wanda binciken ƙwayoyin gado na 2017 ya nuna cewa danginsa na kusa suna Afirka kuma mai yiwuwa kakanninsa sun tsallaka Tekun Indiya a kan tarkacen ƙasa da itace da ruwa ya kwaso, yana ƙarfafa wannan batu ne, domin an kiyasta rabuwar tsakanin shekara miliyan 2 zuwa miliyan 16 da suka wuce, kuma sau ɗaya aka san abin ya faru.

Jirgin ruwa yana zaɓe shi ma, amma ma'auninsa dabam ne. Abin da yake ɗauka shi ne gizo-gizon da ke son duhu da bushewa da lungu, wanda ke jure makonni ba ci ba sha, wanda kuma ya saba zama kusa da mutane a rumbunan ajiya da tashoshin lodi. Sau da yawa babbar mace ce ke tafiya, wadda ta riga ta sadu da namiji tana ɗauke da maniyyinsa a jikinta, ko kuma jakar ƙwai mai ɗauke da ɗaruruwan 'ya'ya maƙale a ƙarƙashin mota ko a kusurwar katakon ɗora kaya, don haka matsalar neman aboki a baƙon wuri, wadda ita ce babbar katangar mai tashi da zare, ba ta taso ba sam. Tun daga 1956, lokacin da aka fara jigilar kaya a kwantena, akwatin da aka rufe a wata nahiya yakan isa tsakiyar wata nahiyar ba tare da an buɗe shi ba, kuma ba sau ɗaya yake zuwa ba, kullum wani yana tafe daga tasha ɗaya zuwa tasha ɗaya. Manuel Kobelt da Wolfgang Nentwig na Jami'ar Ban da ke Suwizalan sun ƙirga baƙin nau'o'i 87 a Turai a wani nazari na 2008, suka kuma gano cewa yawan baƙin da ke fitowa daga kowane yanki yana tafiya tare da yawan cinikin da Turai ke yi da yankin, sannan baƙin sun fi 'yan asalin Turai girman jiki. Da iska ce ke kawo su, da ƙanana ne za su rinjaya, kuma da lissafin zai bi alkiblar iska maimakon alƙaluman fatauci.

Akwai ma nau'o'in da ba a san su da tashi da zare ba kwata-kwata, amma sun zagaye duniya. Dysdera crocata, mai jan kai da manyan fiƙoƙi, wanda ke kwana a ƙarƙashin duwatsu yana fita farauta da dare, ɗan asalin yankin Bahar Rum ne, yau kuma yana Amurka da Ostareliya da Niyu Zilan da Hawayi. Loxosceles laeta, ɗan Kudancin Amurka mai dafin da ke ruɓar da nama, yana zaune a ginin gidan adana kayan tarihin halittu na Helsinki tun farkon shekarun 1960, a ƙasar da sanyinta zai kashe shi cikin dare ɗaya idan ya fita waje. Babu adadin shekarun jira da zai sa iska ta kai shi Finlan, kuma wannan kaɗai ya isa ya rushe da'awar cewa jirgi yana gaggauta abin da dama zai faru ne.

Amma misalin da ya fi dacewa a tsaya a kansa shi ne na Niyu Zilan, domin a can ne hujjar marubucin ta fi kama da gaskiya, kuma a can ne ta fi faɗuwa. Ƙasar tana da wani ɗan asalin gizo-gizo mai dafi da Maori ke kira katipo, Latrodectus katipo a sunan kimiyya, mai launin baƙi ne da jan layi a gadon baya, wanda ba ya zama ko'ina sai a tuddan rairayin bakin teku, inda yake saƙa a gindin ciyayin gaɓa da ƙarƙashin itatuwan da igiyar ruwa ta watso. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa ɗan'uwa ne na kusa ƙwarai ga mai jan baya na Ostareliya, Latrodectus hasselti, kuma masana sun karkata ga cewa kakanninsa daga Ostareliya suka tsallako Tekun Tasman, mai faɗin kusan kilomita 2,000, tun kafin ɗan Adam ya taka ƙasar. Har zuwa nan marubucin zai ce maganarsa ta fito, tunda ga ɗan asali wanda baƙo ne a jiya. Sai dai a farkon shekarun 1980 mai jan bayan kansa ya kafu a yankin Otago ta Tsakiya, daga baya kuma a Niyu Filimos, kuma jami'an bincike na yawan kama shi a cikin ƙarafa da motoci da 'ya'yan inabi da ake shigowa da su. Zuriya ɗaya ce ta iso ƙasa ɗaya sau biyu ta hanyoyi biyu, don haka ana iya kwatanta sakamakon kai tsaye.

Zuwan farko ya bar tazarar lokaci mai tsawo wadda a cikinta zuriyar ta sauya ɗabi'a, ta taƙaita ga rairayin gaɓa, ta zama wani ɓangare na rayuwar wurin, har mutanen ƙasar suka san ta suka ba ta suna. Zuwa na biyu ya sauke gizo-gizon a cikin ƙasa, nesa da teku, a busasshen yanki mai zafin bazara wanda ya yi kama da gidansa na asali. A wannan yanki ne ake da wani ƙwaro mai suna Prodontria lewisii, buzuzun da ba ya tashi, wanda duk duniya ba a samunsa sai a wani keɓaɓɓen fili mai faɗin hekta 81 kusa da garin Kuromwel. Masu bincike sun iske mai jan baya ya mayar da ramukan zomaye mazauninsa a cikin filin, su ma zomayen Turawa ne suka kawo su, kuma sun tarar da gawarwakin buzuzun a cikin saƙarsa, har ta kai ga ana cike ramukan da ƙasa domin a hana shi wurin zama. Buzuzun da ya rayu dubban shekaru a wurin bai taɓa haɗuwa da mafarauci irin wannan ba, domin katipo ba ya shiga cikin ƙasa. Bugu da ƙari an tabbatar cewa namijin mai jan baya yana iya saduwa da macen katipo su haihu, wanda ke nufin cewa idan baƙon ya yawaita a gaɓar teku, bambancin da tsawon rabuwa ya gina zai iya narkewa. Katipo dama yana cikin matsi saboda lalacewar tuddan rairayi, da wata baƙuwar ciyawa da aka dasa don riƙe yashi, da kuma Steatoda capensis, wani gizo-gizon da ya zo daga Afirka ta Kudu ya cika wuraren da katipo ke zama, kuma a 2010 gwamnatin ƙasar ta sanya shi cikin halittun da doka ta ba cikakkiyar kariya. Wanda ya ce zuwan biyu ɗaya ne sai ya bayyana dalilin da ya sa na farko ya ƙara wa duniya nau'i, na biyu kuwa yake barazana ga nau'i biyu.

Labarin wannan gizo-gizo a Jafan ya fi gajarta. An gano shi a 1995 a Takaishi da ke lardin Osaka, kusa da tashar jiragen ruwa, a ƙasar da ke ɗaya gefen layin da ya raba duniya biyu, dubban kilomitoci daga Ostareliya. Daga nan ya bazu zuwa mafi yawan lardunan ƙasar, yana zama a ƙarƙashin murafun magudanun ruwa da kujerun lambu da injinan sayar da lemo, kuma hukumomi sun sanya shi cikin jerin baƙin halittu masu ɓarna da doka ta hana riƙewa ko jigilarsu.

Marubucin yana da wata amsa da ya tanada, wato cewa da zarar baƙon ya sauka, da iska yake ci gaba da yaɗuwa, don haka a ƙarshe ɗabi'a ce ke aikin. Gaskiya ne cewa hanyoyin biyu sukan haɗu. Mermessus trilobatus, ɗan ƙaramin gizo-gizon Arewacin Amurka da aka fara gani a Turai kusa da birnin Kalsuruhe na Jamus a wajajen 1980, ya mamaye filayen ciyawa na ƙasashe da dama ta hanyar tashi da zare, har bincike ya nuna cewa waɗanda ke bakin gaba na yaɗuwar sun fi na baya saurin tashi, kuma 'ya'yansu na gadon wannan hali. Haka ma joro, Trichonephila clavata, babban gizo-gizo mai launin rawaya da shuɗi daga Gabashin Asiya, wanda aka tabbatar da shi a arewa maso gabashin jihar Jojiya a 2014, ana kyautata zaton a kwantena ya zo, kuma yanzu yana bazuwa zuwa jihohin maƙwabta da zare da kuma jikin motoci. To amma a duka biyun, iskar ta fara aiki ne bayan an tsallakar da su tekun da ba su taɓa tsallakawa ba a duk tsawon tarihinsu. Kyakkyawar iyawarsu ta tashi ita ce ma dalilin da ya sa tsayar da su a tasha ya fi muhimmanci, domin bayan sun fita daga tasha babu sauran dabara.

Domin a ga yadda yaɗuwar ɗan asali take, sai a dubi Argiope bruennichi, mai zanen rawaya da baƙi kamar rina, wanda a da ya taƙaita ga yankin Bahar Rum da wasu wurare masu ɗumi na tsakiyar Turai, amma a cikin ƙarni na 20 ya yi ta matsawa arewa har ya kai ƙasashen Sikandinebiya da gaɓar Tekun Baltik. Wannan tafiya ce ta gaba da gaba a kan ƙasa ɗaya mai haɗe, cikin halittun da mafi yawansu sun daɗe da sanin juna, tare da maƙiyansa da ƙwayoyin cutarsa suna biye da shi. Masana ba su kiran irin wannan mamaya, suna kiransa faɗaɗa mazauni, kuma samuwar waɗannan kalmomi biyu dabam-dabam shaida ce cewa ba su jahilci abin da marubucin ke tunatar da su ba.

Inda makalar ta yi daidai, kuma ya kamata a yaba mata, shi ne sukar firgicin da jaridu ke yaɗawa. Richard Vetter na Jami'ar Kalifoniya da ke Ribasaid ya bincika gizagizan da ake samu a cikin kayan da ke shiga Arewacin Amurka, musamman ayaba, ya tarar cewa mafi yawansu nau'o'i ne marasa haɗari irin su Heteropoda venatoria da 'yan jinsin Cupiennius, waɗanda ake yawan ɗauka a matsayin mugun Phoneutria na Barazil. Joro, duk da girmansa, ba ya cutar da mutum wata cuta ta a zo a gani. Shi kansa mai jan baya an sami maganin dafinsa tun 1956. Akasarin baƙin gizagizai kuma ba su wuce cikin gine-gine da ɗakunan renon tsirrai. Kuskuren shi ne ɗaukar cizon mutum a matsayin ma'aunin ɓarna kaɗai, ta yadda duk abin da bai kwantar da kowa a asibiti ba ya zama mara laifi. Gizo-gizo mafarauci ne mai cin duk abin da ya fi ƙarfi, kuma ɓarnarsa tana sauka ne a kan halittun da ba su da mai kai musu ƙara. Latrodectus geometricus, mai ruwan ƙasa wanda ake gane shi da jakar ƙwansa mai tsinaye kamar 'ya'yan ƙaya, wanda kuma ake kyautata zaton asalinsa Afirka ne, ya bayyana a kudancin Kalifoniya a farkon shekarun 2000, cikin ɗan lokaci ya rinjayi Latrodectus mai launin baƙi na asalin yankin a kewayen gidajen birane, kuma gwajin da aka yi a Fulorida ya nuna cewa yana kai wa 'yan'uwan nasa hari yana kashe su. Dafinsa bai kai na wanda ya kora illa ga mutum ba, saboda haka bisa ma'aunin marubucin wannan ci gaba ne, alhali abin da ya faru shi ne an rasa ɗan asali a wurin da yake. Steatoda nobilis kuwa, ɗan tsibiran Kanari da Madera, an fara rubuta ganinsa a Ingila kusa da Toki a 1879, ya daɗe a kudancin ƙasar ba a damu da shi ba, sannan a 'yan shekarun nan ya bazu a Ailan ya kai Kalifoniya da Cile, kuma masu bincike na Jami'ar Galwe sun rubuta yadda ya kama ƙadangaren da shi kaɗai ne ɗan asalin Ailan, da jemage, da wata 'yar jaba. Shekara ɗari na shiru ba ta zama tabbacin cewa baƙo zai ci gaba da shiru ba, kuma wannan jinkiri shi ne abin da ke sa hukuncin gaggawa irin na makalar ya zama mai haɗari.

Batun asarar kuɗi ma bai yi la'akari da yadda binciken kaya yake gudana ba. Babu ƙasar da ta kafa ma'aikata domin gizo-gizo kaɗai. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta 2002 da ta wajabta gasa katakon ɗora kaya har cikinsa ya kai zafin digiri 56 na tsawon minti 30, ko kuma a yi masa feshin hayaƙi, an yi ta ne saboda ƙwarin da ke huda itace. Lokacin da Niyu Zilan ta mayar da jiragen dakon motoci daga Jafan a 2018, wani ƙwaro mai wari da ke lalata 'ya'yan itatuwa ne dalili. Jami'in da ya haska fitila a ƙarƙashin tsohuwar mota yana neman tururuwa da ƙwan malam-buɗe-littafi da ƙasar da ta maƙale a taya da irin ciyawa, kuma jakar ƙwan gizo-gizo tana faɗowa ne a cikin wannan aiki guda. Cire gizo-gizo daga lissafin ba zai rage ko sisi ba, sai dai ya koya wa jami'in kawar da kai daga abin da idonsa ya riga ya gani.

Akwai kuma wata illa ta ra'ayin da ta fi shafar ƙasashen da ba su da ƙarfin bincike irin na Niyu Zilan. An iya cewa mai jan baya baƙo ne a Osaka, ko joro baƙo ne a Jojiya, saboda masanan waɗannan wurare sun daɗe suna tattara samfura suna rubuta abin da ke ƙasarsu, ta yadda sabon zuwa ya fito fili. Kundin gizagizan duniya ya haura nau'i 50,000 a 2022, amma rabon wannan sani bai daidaita ba. A Afirka, ƙasar Afirka ta Kudu ce ta yi fice, inda shirin ƙidayar da Ansie Dippenaar-Schoeman ta jagoranta tun daga 1997 ya tattara bayanan nau'o'i fiye da 2,000, yayin da yankin Sahel da sabanar Afirka ta Yamma ke cikin wuraren da aka fi ƙarancin nazari. Tsofaffin motoci da taya da injina da kwantenoni, wato ainihin kayan da aka san gizo-gizo na bi, suna sauka a Legas da Kwatano da Lome a kullum, ana kuma tura su ta mota zuwa Kano da Maraɗi da Yamai, inda zafi da bushewa suka dace da nau'o'in Latrodectus da Loxosceles. Idan aka karɓi ra'ayin cewa ɗan asali da baƙo duk ɗaya ne, babu dalilin da zai sa wata jami'a a yankin ta kashe kuɗi ta tattara gizagizan gonaki da rumbuna da kasuwanni ta adana su da kwanan wata da sunan wuri, kuma idan babu wannan ajiya, masanin da zai zo nan da shekara talatin ba zai sami abin da zai gwada samfurinsa da shi ba domin ya san ko abin da ya kama a kasuwar Dawanau ta Kano tsohon mazauni ne ko kuwa a bara ya sauka daga kwantena.